Tsohuwar bindiga sai lallashi

A Ingila da Amurka akwai masu tara tsofaffin bindigogin soja, irin Lee-Enfield ɗin da 'yan mazan jiya suka saɓa zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Harsashi 10 take ci, kuma kowane harbi sai an ja ƙarfenta da hannu. Mai ita kan yini yana goge ta, yana ɗura mata mai, ba ta kashe masa ko ɓera ba.

Mutumin Ƙofar Marusa da wannan sha'awa ta kama, sai haƙuri. Dokar makamai ta 1959 ta ce irin wannan bindiga sai da izinin shugaban ƙasa, shi kuwa ko kansila bai taɓa ɗaukar wayarsa ba.

Saura bindigar toka. Ita ma sarauniya ce: damina ta sa mata tsatsa, albarushi ya sha sanyi, maƙeri ya karɓi nasa. Ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, na kowa su yi tsawa, taka ta yi tari.

Malam, sayi akuya. Ita ko banza tana haihuwa.