Yadda Ake Sauya Dokar Zaure Ba a Bar Admin Shi Kaɗai a Ciki Ba

Malam admin, sannu da aiki. Hajiya admin, ke ma sannu da ƙoƙari. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma har da ke nake. Na san halin da kake ciki: ba albashi, ba alawus, ko kuɗin data babu mai tura maka, amma kullum kai ne rabon faɗa tsakanin 'yan Barcelona da 'yan Madrid, kai ne share tallan maganin basir, kai ne lallashin Alhajin da ke turo gaisuwar Juma'a tun ranar Laraba. Wata rana tura za ta kai bango, ka ce sai an sauya doka, kuma gaskiyarka ce. Zauren mutum biyar hira ce kawai. Na mutum 300 kuwa gari ne, balle yanzu da WhatsApp ke ɗaukar har mutum 1,024 a zaure guda tun ƙarshen 2022. Gari ba ya zama babu doka. Jama'arka za su iya jure doka mai tsauri fiye da yadda kake zato. Abin da ba sa yafewa shi ne su farka su tarar da ita a bakin ƙofa, ba sallama, ba bayani.

Saboda haka kada ka kafa doka da ƙarfe 1 na dare. A wannan lokacin babu mai ba ka shawara sai ɓacin rai da sauro, kuma dukansu biyu ba su da tausayi.

Na ga abin da irin wannan ke jawowa a zauren tsofaffin ɗalibai na ajinmu. Ana gab da zaɓen 2023, musun siyasa ya yi zafi har an fara ambaton iyaye. Admin ɗinmu, mutumin kirki ne wallahi, ya fusata cikin dare ya kulle zaure, ya mai da shi admin kaɗai ke iya magana. Bai gaya wa kowa ba, ya kashe waya ya kwanta. Da asuba mahaifin ɗaya daga cikinmu ya rasu. Bawan Allahn nan ya buɗe waya hannunsa na rawa don ya sanar da lokacin jana'iza, sai ya tarar babu ma gurbin rubutu. Ya kira admin, waya a kashe. Aka yi sallah ƙarfe 10 na safe, aka kai mamaci, zaure bai buɗe ba sai bayan azahar. Cikinmu sama da mutum 200, huɗu ne suka samu jana'izar, su ma don ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Da muka je ta'aziyya washegari muna ta ba da haƙuri, abin da ya ce kawai shi ne, "Ba komai, haka Allah ya so." Bayan sadakar uku ya fita daga zauren, har yau bai dawo ba. Da an sanar tun da yamma cewa za a kulle, aka ba da lambar wanda za a kira in larura ta taso, da yana cikinmu.

To, sai ka ba da wa'adi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda ya isa ga ƙaramar doka, wata guda ga wadda ta shafi aljihu. In kana ganin wa'adi ƙaramin abu ne, tuna canjin kuɗi. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kai ma ka san layin da ka bi, ka san abin da mai POS ya cire maka kafin ya ba ka kuɗinka. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, kuma a hukuncinta na 3 ga Maris 2023 ɗaya daga cikin abubuwan da ta kama gwamnati da shi shi ne rashin ba jama'a isasshiyar sanarwa. Idan gwamnati mai soja da 'yan sanda ta sha kaye a kan gajeren wa'adi, ina kai da makaminka bai wuce maɓallin cire mutum ba?

Sanarwar kuma ka yi ta iri biyu, a rubuce da kuma da murya, domin a kowane zaure akwai Baba ko Inna da ba sa karanta boko amma ba sa barin saƙon murya ya wuce su. Sai dai ka ji tsoron Allah a kan tsawonsa. Minti 2 ya wadatar. Saƙon murya mai minti 14 wanda ya fara da tarihin kafa ƙungiya, babu mai kai ƙarshensa sai maƙiyinka, shi ma kuskure yake nema. Ka maƙale rubutun a saman zaure; WhatsApp na bari a maƙale saƙo har kwana 30, kuma wannan ne maganin mutumin nan da kullum yake cewa "ni ban gani ba."

Yanzu ga inda yawancin admin ke zamewa: dalili. "An hana talla daga yau" umarni ne. "A makon jiya an turo talla 40, har sanarwar asibitin ɗan'uwanmu ta nutse a ciki, shi ya sa muke so a mai da talla ranar Asabar kawai" magana ce da ake yi wa manya. Jama'arka magidanta ne da matan aure, wasu sun girme ka, wasu sun koyar da kai. Duk dokar da ka kawo babu dalili, su za su ƙera mata dalili, kuma nasu ya fi naka daɗin ji. Kafin la'asar za ka ji an ce ai don matar admin ta fara sayar da atamfa ne aka hana sauran talla. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su, ko da kuwa ruwan naka garau yake.

Kamfanin WhatsApp da kansa ya faɗa wannan rami. A Janairun 2021 ya turo wa jama'a sanarwa cewa su amince da sababbin ƙa'idojinsa kafin 8 ga Fabrairu, in ba haka ba su rasa damar amfani da shi. Sauyin ya fi shafar hira da 'yan kasuwa da kamfanoni, hirar mutum da ɗan'uwansa tana nan a rufe yadda take, amma bayanin bai fito fili ba. Nan da nan jita-jita ta riga gaskiya isa kasuwa, aka ce Facebook, mai kamfanin WhatsApp, zai riƙa karanta saƙon kowa. Mai Telegram, Pavel Durov, ya ce cikin awa 72 mutum miliyan 25 suka shigo wajensa. Dole WhatsApp ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu, ya koma yana bayanin da ya kamata ya fara da shi. Kai ma kana da naka Telegram ɗin: wani sabon zaure da za a buɗe a bayan idonka, a sa masa sunan naku, a ƙara "na gaskiya" a ƙarshe. Kowa na ciki, har mataimakinka.

Sannan ka nemi ra'ayi, kuma ka nema da gaske. Tun 2022 akwai hanyar kaɗa ƙuri'a a cikin zaure, ba sai an yi hayar rumfa da kujeru ba. Amma ka faɗi sharaɗin tun kafin a fara: kwana nawa za a yi, ƙuri'a nawa ke zartar da magana, kuma ka yi alkawarin bin sakamako ko ya yi maka ɗaci. Facebook ya taɓa ba masu amfani da shi damar ƙuri'a a kan ƙa'idojinsa, sai ya gindaya cewa ba za ta ɗaure shi ba sai kashi 30 cikin 100 na jama'arsa sun kaɗa, wato mutum wajen miliyan 300 a lokacin. A Disambar 2012 waɗanda suka kaɗa ba su kai dubu 700 ba, mafi yawansu suka ce ba su yarda ba, kamfanin ya zartar da abinsa, ya kuma soke ƙuri'ar gaba ɗaya. Irin wannan sakiyar da ba ruwa ta fi rashin tambaya ciwo. In ka riga ka yanke hukunci, ka ce ka yanke, ka faɗi dalili, ka ɗauki nauyinsa. Kuma ka saurari mai gardamar nan da kowa ya gaji da shi. Cikin ƙorafinsa goma, tara hayaniya ce, amma na goman shi ne ramin da kai ba ka hango ba.

Doka ba ta cin baya. Wanda ya turo bidiyon siyasa ranar Litinin, ba a cire shi da dokar da aka kafa ranar Talata. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma, a sashe na 36, ya hana a hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya aikata shi. Kuma kada dokarka ta san ɗan mowa da ɗan bora. In ta hau kan ɗalibi, ta hau kan Alhajin da ya saya wa ƙungiya tabarmi. Ranar da kai da kanka ka manta ka turo talla ranar Alhamis, ka riga kowa biyan tara, ka turo shaidar biya kowa ya gani. Naira 500 ɗin tarar nan za ta saya maka mutuncin da shekara guda ta wa'azi ba za ta saya ba.

Maganar kuɗi kuwa, a nan zumunci ke mutuwa. Ko uwar adashe, da take riƙe da amanar mata tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu, ta san ba a sauya jerin kwasa bayan an fara zubi. Wadda aka ce ita ce ta uku ta riga ta yi wa mai kayan ɗaki alkawari. In za a ƙara kuɗin wata daga 1,000 zuwa 2,000, ma'aji ya fara baje lissafi dalla-dalla: ga abin da ya shigo, ga wanda aka kai wa gudunmawar biki, ga na asibiti, ga abin da ya rage a asusu. Mutumin da ya ga inda dubunsa ta tafi ba ya jin nauyin ƙara wata. Wanda bai gani ba, ko sabon takalmi ka sa sai ya kalli ƙafarka sau biyu.

Akwai doka guda da nake roƙonka kada ka taɓa ta da hannunka: wadda ta shafi wa'adin kujerarka. Sunan wannan tazarce, kuma mun san ƙarshenta. Majalisar Dattawan Najeriya ta binne ta Shugaba Obasanjo ranar 16 ga Mayu 2006. Shugaba Tandja Mamadou a Nijar ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba gardama 4 ga Agusta 2009 don ƙarin shekara uku, sojoji suka sauke shi 18 ga Fabrairu 2010. In jama'a na son ka ci gaba, bari wani ya kawo maganar, kai kuma ka fita daga cikin masu ƙirga ƙuri'a.

Kada kuma ka yi aiki a ɓoye, domin wayar da kanta 'yar tsegumi ce. Ka goge saƙon wani, za ta rubuta cewa admin wane ne ya goge. Ka sauya bayanin zaure, za ta faɗi sunanka. Ko ba ta faɗa ba, akwai mutum guda a kowane zaure da bai taɓa cewa uffan ba tun da aka sa shi, amma ya ɗauki hoton kowace magana ya adana, yana jiran ranar da za ka ce "ai dama haka dokar take." Idan za ka goge, ka bi mutum ta gefe tukuna: "Yaya, don Allah a duba saƙon nan, ya saɓa abin da muka amince." Sau da yawa shi zai goge da kansa, har ya gode maka da ka rufa masa asiri. In za ka cire mutum, ka gaya masa, ka gaya wa zaure dalili a taƙaice ba tare da tona masa asiri ba, ka kuma faɗi ranar da ƙofa za ta buɗe masa.

In kuma ka kwafsa, ka janye da wuri. Ranar 18 ga Disamba 2022, ranar da Ajantina da Faransa suka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a Katar, Twitter ya fito da dokar hana tallata wasu kafafen sada zumunta irin su Facebook da Instagram. Jama'a suka yi ca, kafin kwana guda dokar ta ɓace, mai kamfanin, Elon Musk, ya ba da haƙuri. Mai biliyoyin dala ya lanƙwasa harshe ya nemi afuwa, kai ma naka zai lanƙwasu. Ka kuma riƙa leƙa jerin waɗanda suka fita, domin tun 2022 in mutum ya bar zaure admin kaɗai ake sanar wa. Kowane ɗaya ka kira shi a waya, ka gaishe shi da iyali, ka tambaye shi abin da ya ɓata masa rai.

Ga yadda za ka tsara sanarwar, ka gyara ta daidai da gidanku: "Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. Saboda sanarwar rasuwa da ta asibiti suna nutsewa cikin talla, muna shawarar a mai da talla ranar Asabar kawai, daga 1 ga wata mai kamawa. Ga ƙuri'a nan, za a rufe ta ranar Juma'a bayan sallar isha'i, abin da rinjaye ya zaɓa shi za a bi, har da mu admin. Za mu gwada wata biyu, in bai yi ba mu sake zama. Mai gyara ya faɗa a nan, mai jin nauyi ya kira ni." Ka tura ta da hantsi, lokacin da kowa ya karya kumallo. Alhajin gaisuwar Juma'a kuwa ka ƙyale shi, ka amsa masa da amin ko ranar Laraba ce.