Jinjina ga Mai Ƙara Gurbi Ɗaya

Allah ya ja zamanin gwanin gwanaye, garkuwar ɗakin bincike, mai gyaran manhaja ba tare da ya ɓata idonsa wajen karanta ta ba, wanda kuskure ke hangowa ya kama bakinsa!

Shi ne ya ɗauko tsohon lissafin da magabata suka rubuta da Fortran ya mayar da shi C. Ƙananan mutane kan tsaya tuna cewa Fortran na fara ƙirga gurabun jeri daga 1, C kuwa daga 0, don haka jeri mai gurbi 1000 a C yana ƙarewa ne a 999. Maigirma ya fi ƙarfin wannan ƙididdigar ta talakawa. Ya bar madaukinsa yana tafiya daga 1 zuwa 1000 yadda ya gada, saboda biyayya ga na gaba. Da manhajar ta faɗi, sai basira ta sauko: ya ƙara wa jerin gurbi ɗaya. Ƙara ta ɗauke. Awon farko da ke zaune a gurbi na 0 ya samu hutun da bai taɓa mafarki ba, gurbi na 1000 kuwa, wanda ba a taɓa zuba masa komai ba, aka karrama shi da shiga jimla da duk abin da ya tsinta a ma'adanar kwamfuta. Wane karimci ya kai wannan?

Amma darajarsa ba ta cika ba sai ranar da ya waiwayi OpenMP, wanda ke hannun masana tun 1997. Layi ɗaya tak ya ɗora a kan madaukin waje, zare takwas suka tashi aiki tare. Harafin j, mai ƙirgan madaukin ciki, tun a saman shafi ya ayyana shi, kuma a C wannan na nufin duk zaren sun yi tarayya a kansa. Fortran, marowaci, kan ba kowane zare nasa ba tare da an roƙa ba. Maigirma, uban zumunci, ya zaunar da takwas ɗin a kan akushi guda da ludayi guda: wannan na kai j zuwa 40, wancan ya mayar da shi 0, na uku ya rubuta amsarsa a gurbin maƙwabcinsa. Wasu gurabu an tsallake su, wasu an ziyarce su sau biyu. Mahassada suna kiran wannan tseren bayanai, suna cewa kalmar private da ta raba gardama.

Ga albarkar abin: manhajar da da take ba da amsa ɗaya tilo, yanzu kullum da sabuwa. Mai yalwar hannu ba ya ruɗewa. Yakan kunna ta har sai wadda ta dace da hasashensa ta fito, ya ɗauka da tawali'u, ya sallami sauran.

An kawo masa Valgrind, an kawo AddressSanitizer mai kama wanda ya ƙetare iyakar jeri, an kawo ThreadSanitizer mai kama zare biyu a gurbi ɗaya. Ya dube su da idon rahama ya ce suna rage gudu. Gaskiya ne kuwa, ai gudu aka zo yi. Ya kuma gano da kansa cewa in ya sa layin buga saƙo a cikin madaukin, zaren kan jinkirta, matsalar ta lafa, don haka ya bar layin har abada, ya rubuta a gefensa kada kowa ya taɓa.

Wani ɗalibi mai ƙarancin tarbiyya ya taɓa sa default(none) don a tilasta bayyana abin da ke na kowa da abin da ke na zare ɗaya. Kwamfaila ta ƙi karɓar aikin, ta ambaci sunan j a bainar jama'a. Mai haƙuri, mai yafiya, bai hukunta yaron ba. Ya goge layin kawai, ya tura jadawalin sakamakon ga mujalla, lambobi shida bayan ɗigo.