Yadda Ɗan Saulawa Zai Kama Ɗakin Haya a Kaduna Ba Tare da An Jinginar da Gonar Gado Ba

Ko daga Jami'ar Ahmadu Bello ka fito, ko Nuhu Bamalli, ko kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, ga shi Allah ya kawo aiki a Kaduna. Goggo ta rangaɗa guɗa, Baba ya sa albarka, Kawu ya ce ka sauka wurinsa a Hayin Banki. Ka sauka, amma ka tuna baƙo raɓa ne. Ranar farko za a yanka maka kaza, kafin wata ya zagayo kai ne mai sayo gawayi. Kafin a kai ga haka, karɓi waɗannan shawarwari.

Na farko, ka yi lissafi tun motar Zariya ba ta sauke ka a tashar Kawo ba. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, mai yi wa ƙasa hidima kuma 77,000 yake karɓa. Shi kuwa mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, dillali na jiran la'adarsa, galibi kashi goma cikin ɗari. Ka cire Malali da Unguwar Rimi daga ranka tukuna, za su jira ka har ka zama darakta. Sannan kada araha ta ruɗe ka. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ya kama ɗaki a ƙuryar Rigasa alhali ofishinsa na Barnawa, masu keke yake yi wa aiki.

Na biyu, ka girmama dillali, amma ka riƙe aljihunka da hannu biyu. Mutum ne mai fara'a, zai kira ka Alhaji tun ba ka taɓa ganin filin jirgi ba. In ya ce ɗakin nan ne kusa da titi, ka ƙara ɗaure takalmi. In ya ce wani ma'aikacin banki zai kawo kuɗi da la'asar, ka yi wa ma'aikacin bankin fatan alheri, ka ci gaba da dubawa a natse. Kada ka tura wa kowa ko sisi saboda hoton da ka gani a WhatsApp. Gani ya kori ji.

Na uku, ka shiga ɗakin da idon manomi. Baba ba ya karɓar aron gona sai ya san inda ruwa ke kwanciya. Kai ma haka za ka yi. Ɗaga kai ka dubi silin, in akwai taswirar Afirka a jikinsa, rufin yana yoyo. Sunkuya ka dubi gindin bango. Sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa labari ne na watan Agusta, lokacin da Kogin Kaduna da lambatu ke kai wa mutane ziyara har kan katifa. Murɗa famfo da hannunka. In ya yi tari kawai, tambayi nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka a layin. Leƙa rijiya, leƙa banɗaki, ka ƙirga ƙofofin da ke tarayya da kai a cikinsa. Ƙofa takwas na nufin za ka riƙa tashi kafin ladan.

Na huɗu, ka bincika zancen wuta. Mita ce ta kati, ko takarda ake kawowa a raba? In rabawa ake yi, ka san yadda ake kasafin, domin ba daidai ba ne mai ƙwai ɗaya da cajar waya ya biya kuɗi ɗaya da mai firji biyu da sana'ar ƙanƙara. Ka kuma nemi ganin takardar ƙarshe, kada ka gaji bashin wanda ba ka taɓa gaisawa da shi ba.

Na biyar, ka shirya amsa tambayar aure. Masu gidaje da yawa ba sa ba gwauro haya, sai su dube ka kamar ka zo da makaɗa. Kada ka yi fushi, kada kuma ka ƙirƙiro matar da babu ita. Sa wankakken kaftani da hula, ka tafi da Kawu ya tsaya maka. Ke ma ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ki je da yayanki ko Baffa, ki faɗa tun farko cewa kina aikin dare, don kada dawowarki da asuba ta zama abin hira a bakin rijiya.

Na shida, ka koma unguwar da daddare kai kaɗai. Zauna wurin mai shayi, ka sayi kofi ɗaya. Kafin ya huce za ka ji dalilin tashin wanda ya bar ɗakin, da halin mai gidan, da ko akwai 'yan sintiri, da yadda janaretan maƙwabci ke kwana yana waƙa. Malamai sun ce a nemi maƙwabci kafin gida, kuma duk Kaduna babu mai sanin maƙwabta kamar mai shayi.

Na bakwai, komai a rubuce. Ka ga mai gidan ido da ido, ka gaishe da mai unguwa, ka biya ta banki ko a gaban shaidu, ka karɓi rasit. A rubuta ranar shiga, da wanda gyaran rufi da yashe masai ke wuyansa. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ne ke raya zumunci ranar da mantuwa ta zo.

In ka karɓi makulli, kada ka ci bashi don kujeru. Katifa, buta, darduma da risho sun isa fara rayuwa, ga kuma buhun masara da Inna za ta aiko. Ka rage wurin shimfiɗa tabarma ɗaya kawai, domin da zarar labari ya kai Ikara da Hunkuyi cewa kana da ɗaki a Kaduna, mai zuwa asibiti da mai neman aiki duk a wurinka za su sauka. Ka karɓe su da sakin fuska. A wannan karon kai ne za ka sayi kazar.