Da Kin Soya Shi

Shekaranjiya aka yi sunan jaririyar ƙanwar maigidana a Gwaram. Haihuwar fari ce, ta koma gida wanka, don haka hidima ta hau kanmu mu matan gidan. Babbar facalata ta ce dubulan za ta kawo, kamar kullum, kuma kamar kullum aka hau yabon hannunta tun ba ta kwaɓa ba. Da aka zo kaina sai na ji bakina ya ce, "Makaron." Ɗan abin zaƙin nan na Faransawa da na daɗe ina kallo a waya, 'yan faifai biyu an manne su da kirim a tsakiya. Na ƙara da cewa rabi na cakuleti, rabi na sitiroberi. Aka yi shiru, sannan aka ce Allah ya ba da iko.

Kayan haɗinsa huɗu ne: farin ƙwai, sukari, garin sukari mai laushi, da garin almon. Matar da ke cikin bidiyo da sikeli take awo, giram 100 na wannan, giram 130 na wancan. Ni gwangwanin madara gare ni. Na karaɗe kasuwar Birnin Kudu neman almon ban samu ba, na ce ai gyaɗa ma ba baya ba ce. Na soya, na murje, na ba yaro ya kai inji, ya dawo mini da tunkuza tana nason mai. Alhali maiƙo shi ne abokin gabar kumfar ƙwai. Ɗigon gwaiduwa kaɗai kan hana ta tashi. Sitiroberi kuwa daga Jos wani direba ya taho mini da shi ta hanyar Ningi, na ƙarshen kaka, don in Maris ya yi nisa manoman wajen Vom sun kusa tattarawa.

An ce a tsiyaya ƙullun, a bar shi rabin awa ya yi fata, a gasa minti 15 a zafi 150. Ina kunna obin aka ɗauke wuta. Na zuba yashi a tukunya, na ɗora a kan gawayi, yadda muke gasa kek tun muna 'yan mata. Kuma ina so a rubuta a ajiye: sun fito. A baje suke, wasu sun tsage, amma zagayayyu ne, masu ruwan hoda daban, masu ruwan ƙasa daban. Na manna su da kirim, na jera a farar roba, na ɗaure da ribon. Ƙa'ida su kwana a firji. Sun kwana a firji. Wuta ce ba ta kwana ba. Da hantsi na shiga motar haya, aka matse mu biyu a gaba, robar tana kan cinyata, ranar bazara tana dukan murfinta tun daga tasha har Gwaram.

Ɗakin surukata Hajiya a cike yake maƙil. Mata sun jeru a kan leda, ga kulolin waina, ga tuwon shinkafa, ga dubulan ɗin facalata a babban faranti yana ƙyalli. Na durƙusa na gaida manya. Ban gama miƙewa ba facalata ta ɗaga murya, "Hajiya, ga na Faransa ya iso!" Aka matsa mini wuri a tsakiya. Har mai jego ta leƙo daga bayan labule.

Ribon ya ƙi kwancewa, sai da na sa haƙori. Na sa babban yatsa a gefen murfi na ɗaga. Ya ce ɓas.

Wannan ɓas ɗin shi nake ji har yanzu. Da murfin ya fito shi kaɗai, da da sauƙi. Bai fito shi kaɗai ba. Ya taso da kusan rabin kayan manne a jikinsa, wani dogon zare na cakuleti ya miƙe tsakaninsa da robar, ya yi ta miƙewa, ya yi ta sirancewa, mata sama da ashirin suna binsa da ido, har ya tsinke ya sauka a kan sabon leshina. A cikin robar babu ƙwaya ko ɗaya da za a nuna a ce ga ta. Duk sun haɗe sun zama abu guda, ruwan hoda ya kutsa cikin ruwan ƙasa, man gyaɗa ya taru a kusurwa ɗaya yana kallona. Ni kuma ina durƙushe, murfi a hannun dama, a sama, na rasa inda zan ajiye shi. In na kife shi a leda ya ɓata wa Hajiya leda. In na mayar da shi an riga an gani. Haka na riƙe shi a sama, ina murmushi.

Wata ta ce, "Masha Allah," a hankali ƙwarai.

Sai wani yaro ɗan firamare, wanda makarantarsu ta taɓa kai su kallon zanen mutanen da a Dutsen Habude, ya sunkuyo ya ƙura ido, ya ce, "Lah! Irin saniyar jikin dutse ce! Ga ƙahon nan!" Mutum uku suka matso, suka tabbatar akwai ƙaho.

A nan Gwaggo ta ce a miƙo mata. Gwaggo yayar surukina ce, kuma rabin amaren unguwar da alkakinta aka kai musu gara. Ta dangwala yatsa, ta ɗanɗana, ta lumshe ido.

"Ke 'yar nan, kin sa kanwa?"

"A'a Gwaggo, ba a sa masa kanwa."

"To ai shi ke nan." Ta dubi jama'a. "Ba ta sa kanwa ba."

Ɗaki ya ɗauki "ayya".

"Kin bar ƙullun ya kwana ya yi tsami?"

"Rabin awa ake barinsa, Gwaggo."

"Rabin awa! Ko kunu ai ya fi haka hutawa. Ƙwan me kika sa?"

"Na kaza."

"Na gidan gona ko? Ruwa ne zalla. Irin wannan aiki sai ƙwan zabi."

Na ce ai yanzu zabi ba sa ƙwai, sai damina. Ta ce to da sai in jira damina. Ban dai ce mata jaririya ba za ta jira damina a raɗa mata suna ba.

"Wa ya gan ki kina kwaɓawa?"

Na ce maƙwabciyata ce kawai ta shigo aron rariya.

"Ta yi magana?"

"Cewa ta yi launin ya yi kyau."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kun ji ko! Baki ne. Gobe in za ki yi, ki ajiye gawayi da barkono guda uku a gefen kwano, ki rufe ƙofa. Ko mijinki ya yi sallama kada ki amsa."

Duk wannan fa murfin yana hannuna.

Na ga in ban kare kaina ba an gama da ni. Na gyara murya na ce wannan abu ba na wasa ba ne, a birnin Paris akwai wani kanti, Ladurée, da aka buɗe tun 1862, mutane layi suke yi a ƙofarsa saboda makaron, kuma gasa shi ake yi a hankali har ya tashi da ɗan tudu a gindi.

"Gasawa?" in ji Gwaggo. "Ba soyawa ba?"

"Gasawa, Gwaggo."

Ta yi lissafi da yatsu, ta girgiza kai cikin tausayi. "Shekara sama da 160, a rasa mai gaya wa bayin Allah su zuba mai a kasko? Da kin soya shi, 'yar nan, da yanzu yana tsaye da ƙafarsa. Abin da ya sha mai ba ya jin tsoron rana. Dubi dubulan ɗin 'yar'uwarki."

Kowa ya dubi dubulan. Facalata ta sunkuyar da kai, wai ita kunya.

Sai Gwaggo ta ce ba a zubar da abinci a gidan suna. Ta aika a kawo ƙwarya da nono da ludayi. Ta karɓe murfin daga hannuna, ta kankare shi tas da cokali, ta juye saniya da ƙahonta a ƙwarya, ta hau damu. Almon ɗin da ban samu ba, sitiroberin da ya keto daga Jos, daren da na raba ina fifita gawayi, duk suka bi ludayi. Ta ɗanɗana, ta ƙara ruwa, ta rufe da faifai, ta ce a kai wa maza zaure.

Ba a jima ba yaro ya dawo da ƙwarya a kife.

"Wai in ji Baba, wa ya dama furar nan? Wai ta yi daɗi, amma a riƙa sa yaji."

Na buɗe baki ke nan, Gwaggo ta riga ni.

"Je ka ce masa ni ce."