Yadda Za Ka Ga Safiya a Darenka na Farko a Minecraft

Ka shigo duniyar da Markus Persson, mutumin ƙasar Suwidin, ya fara ginawa a 2009, kuma ba yawon buɗe ido ka zo ba. Hasken rana a nan minti 10 ne kacal, ga shi har ya fara tafiya.

Je ka naushi bishiya. E, da hannu. Kada ka ji kunya, ba mai kallonka sai tumaki. Gungume ɗaya yana ba da katako huɗu, katako huɗu su zama teburin aiki, a kansa ka haɗa diga da katako uku da sanda biyu. Da ita za ka faso duwatsu takwas ka yi murhu. Idan ka ga dutse mai baƙin ɗigo, kwal ne. Haɗa shi da sanda ka samu fitilu huɗu.

Tumakin nan da suka tsaya kallonka kuwa, ulunsu kake so: uku masu launi ɗaya, da katako uku, ka yi gado.

Yanzu maganar gida, wadda ita ce ta fi damuna. Na san zuciyarka tana raya maka bene mai hawa uku. Danne ta. Huda gindin tudu ka shige, ka toshe ƙofa da ƙasa kamar gafiya, ka kafa fitila. Ramin nan ba mai yaba kyansa, amma da magariba ta yi, ƙwarangwal mai kwari da baka zai fito, gizo-gizo ya biyo bayansa, kai kuwa kana kwance. Masu bene suna can suna gudu da rabin bango a tsaye.

Sai Creeper, koren baƙon da ba ya sallama. Asalinsa alade aka so zanawa aka kuskure, shi ya sa har yau yake fushi. In ka ji "sss" a bayanka, kada ka waiwaya don gaisuwa, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mage yake tsoro, don haka ka nemi ɗanyen kifi ka yi abota da ita. Dogon baƙin nan, Enderman, shi tarbiyya kawai yake nema: kada ka haɗa ido da shi.

Ina roƙonka, kada ka haƙa ƙasan da kake tsaye a kai. Narkakken dutse na jira a ƙasa, kuma yakan haɗiye mutum har da jakarsa. Riƙe bokitin ruwa kullum. Ka ga lu'ulu'u? Sai da digar ƙarfe. Ta dutse ɓarnatar da shi za ta yi.

In kuma ajali ya riske ka a fili, ka tashi da gudu. Minti biyar kayanka za su jira ka, ba kuma sa karɓar uzuri.