Alhaji Ba Ya Shan Suga

A duk faɗin Kantin Kwari da wuya ka sami ɗan kasuwar da zai amsa cewa yana shan suga. Tambayi kowa, daga mai shago a bene har mai tebur a bakin layi, amsar ɗaya ce: "Wa, ni? Ai na daɗe da dainawa." Kuma ba ƙarya ya yi ba, ya daina jefa ƙwaya huɗu a shayi. Yanzu madarar gwangwani mai kauri yake tsiyayawa, ya bi ta da zuma cokali uku, tunda zuma magani ce.

To mu bi Alhaji daga safe zuwa dare. Da an idar da sallar asuba, koko da ƙosai, kokon nan kuwa sai zaƙinsa ya kai ƙeya. Da hantsi a shago yaro ya kawo shayi da biredi, irin mai laushin nan da aka gama narka masa sukari tun a gidan biredin. Kafin azahar mai gurasa ta ratso, a yi bandashe "don a taɓa baki". Sai abincin gida ya iso: shinkafa da taliya a kula ɗaya, ganyen salak biyu a sama don ado, shi ma Alhaji ya ture shi gefe ya ce shi ba akuya ba ne. La'asar fura da nono, mai furar na zuba sukari tana kallon fuskarsa, shi kuma yana kallon waya. Dare tuwon shinkafa malmala uku. Ranar da ciniki ya faɗa, a zarce Sabon Gari a ci sakwara, a kora da lemo mai raɓa.

Matsalar ita ce ciki ba ya tambayar sunan abinci. Shinkafa, taliya, fulawa, doya, rogo, masara, duk sitaci ne, kuma hanji sukari yake mayar da su ya tura cikin jini. Aikin sinadarin insulin ne ya kwashe wannan sukari ya shigar da shi inda jiki zai ƙona shi. Idan teɓa ta taru kuma babu motsi, sai jiki ya fara yi wa insulin kunnen ƙashi, sukarin ya rasa wurin zuwa ya zauna a jini.

Motsi kuwa ai zubar da girma ne. Daga Kwari zuwa Kasuwar Singa, tafiyar da ɗan dako ke yi da buhu a ka, Alhaji sai ya tari Adaidaita Sahu ya zauna cikin cunkoso, mai tafiya a ƙasa ya je ya dawo ya same shi a wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Amma a ga Alhaji yana taka sayyada a titin Ibrahim Taiwo? Kafin magariba labari ya zaga cewa ya karye. Tumbin nan shi ne shaidar jari, shi ake kallo kafin a ba da kaya bashi.

Sai karamci. Baƙo bai gama zama ba an ce, "Yaro, karɓo lemo." Ka ce ruwa ya ishe ka, an ce ka raina mutane. Robar lemo ta rabin lita na iya ɗauke da sukari ƙaramin cokali goma ko fiye, alhali shawarar da hukumar ta bayar a 2015 ita ce kada a wuce kamar cokali 12 a wuni, in da hali ma 6. Wanda ya gaisa da shago uku ya sha rabonsa na jibi. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma jeka Singa ka ga ko tirela ta fasa sauke kaya.

Inda muka fi gwaninta shi ne raɗa wa alamun ciwon suga suna. Alhaji na tashi fitsari sau da yawa cikin dare: sanyi ne. Ƙishirwa ba ta yankewa ko ya shanye jakar fiya wata: zafin Kano ne. Gajiya da kasala: shawara ce, ko taifot. Ido ya fara gani dishi-dishi, sai a kira mai tallar tabarau a faranti, a yi ta gwadawa har a dace. Tafin ƙafa na zogi, ƙurji ya ƙi warkewa: wannan kam basir ne, domin a ƙasar nan babu abin da basir ba ya iyawa. Idan kuma ya fara ramewa alhali cin ya ƙaru, an wuce batun asibiti. Uwargida ta ce amarya ce, amarya ta ce uwargida ce, abokai suka ce mai shagon da ke kallonsa ne ya yi masa jifa.

Waɗanda suka gano gaskiya tun farko tururuwa ne. Idan sukarin jini ya haura wajen 180, ƙoda kan fara zubar da shi cikin fitsari, shi ya sa suke yin layi a banɗakin Alhaji. Sun yi gwaji kyauta, sun kafa sakamako a fili. Alhaji ya aika aka sayo fiya-fiya ya hallaka likitocinsa.

Daga nan sai mai mota da lasifika, wanda jarkarsa ɗaya ke maganin basir, sanyi, suga, hawan jini da raunin mazakuta. Shi Alhaji ya yarda da shi. Amma ce masa, "Ranka ya daɗe, da ka je an gwada jininka," sai ya haɗe rai: "A bar kaza cikin gashinta. Wane lafiyarsa ƙalau, zuwa gwajin ne ya jawo masa." Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Da yawansu sai ciwon ya taɓa ido, ko ƙoda, ko an fara maganar yanke ƙafa, sannan a kwashe su zuwa Asibitin Murtala ana salati.

Wanda aka samu ya je aka tabbatar masa, shi kuma sai ya koma tuwon alkama, ya tara malmala biyar yana ci yana yi wa masu cin shinkafa wa'azi. Alkama ma sitaci ce, yawan shi ne magana. Kuma masu cewa ciwon masu kuɗi ne su rage murna: yaron shagon da ke rayuwa kan Indomie da biredi da lemo bai tsira ba, siriri ma na kamuwa, balle wanda ya gada a gida.

Gwajin nan ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, da safe kafin a ci komai, bayan awa 8 ba abinci. Ƙasa da 100 lafiya. 100 zuwa 125 gargaɗi ne, kuma a nan rage loma da tattaki ke iya mayar da abin baya. 126 zuwa sama, idan aka maimaita aka sake samu, sai a zauna da likita. Kuɗinsa bai kai na gasasshiyar kazar da ake tafiya da ita gida ba. Alhaji, don Allah gobe ka biya asibiti kafin ka buɗe shago. Hajiya, ke ma daina dariya ki ɗauki mayafi ki bi shi a gwada ku tare, don mun san wanda ya ƙarasa alkaki da dubulan ɗin gara.