Maƙiya Sun Shiga Laftof

Ranar Talata ina tsaka da rubuta takardar neman aiki, sai allon laftof ɗina ya koma shuɗi shar, na'urar ta ɗauke wuta, ta sake farfaɗowa da kanta kamar mai farfaɗiya. Kafin la'asar ta yi haka sau huɗu. Kafin magariba kuwa gidanmu ya cika da injiniyoyi.

Inna ce ta fara: "Ɗan nan, wannan ba banza ba. Tunda ka furta maganar aikin nan maƙiya suka tashi tsaye. Kawo ta in tofa mata." Ƙanina, wanda iliminsa na kwamfuta bai wuce kallon ƙwallo ba, ya rantse bairos ne. Maƙwabcinmu ya ce a binne ta cikin buhun shinkafa, wai haka ya ceci wayarsa da ta faɗa kwata. Da tsadar shinkafar nan!

Washegari na nufi kasuwar 'yan waya. Mai gyaran farko ko murfinta bai ɗaga ba ya ce, "Oga, fomat za a yi." A wurinsa fomat farasitamol ne, ko allo ne ya tsage shi zai rubuta maka. Da na ce takarduna na shekara biyar na ciki, ya tambaye ni ko na adana su a wani wuri. Na yi shiru, domin irinmu ba ma tuna filas sai an yi rashi.

Wani yaro shiru-shiru a rumfar gaba ya karɓa. Ya buɗe Event Viewer, ya nuna mini Kernel-Power 41 jere rututu, alamar na'urar tana mutuwa ba tare da an kashe ta yadda ya dace ba. Ya shafa ƙasanta, ya janye hannu da sauri.

"Yaya, ina kake ɗora ta?"

"Kan katifa mana."

Da ya kwance ta, abin da ya fito daga fankar ya isa a yi filo: ƙurar hunturu uku, zaren bargo, har da ɓarɓashin ƙuli-ƙuli. Ya ce firosesa in zafi ya kai wajen digiri 100, yakan kashe kansa don kada ya ƙone. Ya hure ƙurar, ya sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, ya hana Windows tashi da kanta bayan shuɗin allo don in samu karanta lambar matsalar. Ya ce in ta sake, a duba RAM da caja.

Ashe maƙiyin da Inna ke nema shi ne mai kwana a katifar.

Na dawo gida da laftof lafiya lau. Inna ta dube ta, ta gyaɗa kai ta ce, "Ka ga tofin ya ci." Da daddare na leƙa ɗaki, na tarar da ƙanina ya ɗora ta bisa bargo yana kallon ƙwallo, ƙuli-ƙuli a hannunsa.